Na sha barin taba ina komawa, wanda ya bari da gaske ya faɗa mana yadda ya yi

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata damuwa ce ta kawo ni, kuma don Allah mai shirin yi min wa'azi ya dakata, na san taba tana kisa, a jikin kwalin ma an zana hoton. Dabara nake nema. Tun ina saurayi nake sha, ga shi yanzu har na tara iyali. Na bari na koma, na bari na koma, har ta kai idan na ce wa maiɗakina na bari ba ta cewa komai sai "Allah ya sa". Na rantse, na zubar da kwali a kwata, na cika aljihu da Tom Tom, na gwada ragewa. Wani lokacin na yi kwanaki, wani lokacin makonni, sai wani ya ɓata min rai a kasuwa ko na zauna wurin mai shayi da daddare, shi ke nan an koma gidan jiya. Rabin kwali nake sha a rana, ran da kasuwa ta yi tsami ya fi haka. Wanda ya taɓa sha ya bari, ya ka yi?

Abba Kurna:
Wa alaikumussalam. Niyya ce kawai Alhaji. Ran da ka yi niyyar gaskiya za ka bari.

Baban Khalifa:
Abba, ka taɓa sha?

Abba Kurna:
Allah ya kiyaye, ko riƙe ta ban taɓa yi ba.

Baban Khalifa:
To Allah ya ci gaba da kiyaye ka, amma ka bar wannan magana. Mutumin da ya dafa Alƙur'ani ya rantse kana ce masa bai yi niyya ba? Niyyar yana da ita, har ta yi masa yawa.

Ɗan Kwari, ni tela ne a Fagge, na sha taba shekaru masu yawa kafin Allah ya raba ni da ita, kuma ni ma sai da na sha faɗuwa. Abin da zan tambaye ka ɗaya ne. Duk lokacin da ka koma, a ina kake, ƙarfe nawa ne, kuma wa ke kusa da kai? Ka zauna ka tuna su ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da na yi wannan lissafi sai na ga ashe ban taɓa komawa da safe ba, ban taɓa komawa a gida ba. Kullum bayan isha'i ne, a kan benci ɗaya, gaban shagon wani abokina. Shi ba ya ma miƙo min. Zai kunna tasa ya ajiye kwalin da ashana a tsakaninmu, hira ta yi daɗi, sai na ga hannuna ya tafi da kansa. Da na gane haka na ƙaurace wa bencin nan gaba ɗaya na wani lokaci. Ya ji haushi, har ya ce na zama ustaz. Daga baya muka shirya.

Kai ka riga ka faɗi naka wuraren guda biyu da bakinka: ɓacin rai a kasuwa da teburin mai shayi. Me ka tanadar musu? Idan babu, ko sau nawa ka zubar da kwali za ka koma, domin a garin nan zubar da kwali ba ya raba mutum da taba. Kowace kwana akwai mai tebur da zai sayar maka da kara ɗaya, har bashi zai ba ka.

Direban Sahu:
Wallahi gaskiya ne wannan. Ni ban taɓa sayen kwali ba a rayuwata, kara ɗai-ɗai nake saya, shi ya sa nake yaudarar kaina wai ni ba mashayi ba ne. Ran nan na ƙirga daga safe zuwa dare, Kofar Ruwa ɗaya, Bata ɗaya, Yankaba biyu, na ga na wuce goma.

Malam Famasi:
Sayar da kara ɗai-ɗai ma dokar hana yaɗuwar shan taba ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta haramta shi, haka sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ku da kuke yawo a gari kun san inda dokar ta tsaya.

Alhaji Ɗan Kwari, bari na ɗora a kan abin da Baban Khalifa ya faɗa. Shi ya yi maganar sabo, ni zan yi maganar jiki, don abu biyu ne suke riƙe da kai. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan ka zuƙa. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwarka ta saba da shi, ta sake tsarin kanta a kansa. Ran da ka yanke, sai ta tayar da hankali: saurin fushi, rashin barci, kasa natsuwa, yunwa, wani har kai ya riƙa sara masa. Wannan ba raunin zuciya ba ne. Ya fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, makon farko ne mai wuya, daga mako 2 zuwa 4 yawanci ya lafa. Ita kuma sha'awar da ke taso maka farat ɗaya, mintoci kaɗan take yi ta kwanta, ko ka sha ko ba ka sha ba. Mutane da yawa ba su san da haka ba, suna ɗauka idan ba su kunna ba abin zai yi ta hawa har su haukace.

Akwai magunguna na asibiti da aka tabbatar suna taimakawa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan taimaka wa manya su bar taba, ta ambaci maye gurbin nikotin, wato cingam ko filastar da ake mannawa a fata, da kuma ƙwayoyi uku: varenicline, bupropion da cytisine. Ta ce an fi samun nasara idan aka haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya. Duk ƙoƙarin da ka lissafa mana, ban ga inda ka gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ɗan Kwari:
Yallaɓai ban taɓa sanin akwai ba sai cingam ɗin. Wani ya taɓa kawo min daga Dubai, na tauna ya sa ni shaƙuwa da tashin zuciya, na jefar.

Malam Famasi:
Ka tauna shi ne kamar cingam ɗin yara, ko? Ba haka ake yi ba. Za ka tauna a hankali har ka ji ɗan yaji-yaji a baki, sai ka tsaya, ka tura shi tsakanin kumatu da dasashi ka bar shi. Idan yajin ya tafi ka sake taunawa kaɗan ka mayar. Haka har kusan minti 30. Ta fatar baki nikotin ɗin ke shiga. Idan ka yi ta tauna kana haɗiye yawu, cikinka yake tafiya, shi ne shaƙuwar da ka ji. Kuma kada ka sha lemo ko kofi minti 15 kafin ka sa shi.

Yana zuwa da ƙarfi biyu, miligiram 2 da 4. Wanda ke kunna ta farko cikin minti 30 da tashinsa daga barci, mai 4 ne nasa. Filasta kuma ɗaya ake mannawa a rana, a dantse ko ƙirji, kullum a canza wuri, ana farawa da mai ƙarfi a riƙa sauka cikin mako 8 zuwa 12. Ba kowane kemis na unguwa ke ajiye su ba, manyan shagunan magani za ka tambaya. Ƙwayoyin kuwa sai likita ya rubuta. Bupropion ba a ba mai farfaɗiya. Varenicline ana fara shi mako guda kafin ranar da aka tsayar, a sha na mako 12, yana iya kawo tashin zuciya da mafarkai barkatai. Kada wani ya karanta sunan nan ya tafi kasuwa ya saya ya afa.

Abba Kurna:
To ai an gudu ba a tsira ba ke nan. An bar nikotin an koma nikotin.

Malam Famasi:
Nikotin shi ke kama mutum, amma hayaƙin ne ke kashe shi. Kwaltar da ke cikinsa da iskar guba da sauran sinadarai masu jawo kansa, duk daga ƙona ganyen suke fitowa. Cingam ba shi da su, kuma na 'yan watanni ne a ajiye.

Sadik Farm Centre:
Yayana ka koma shisha mana, ko ka sayi vape, sigarin lantarkin nan. Ruwa yana tace hayaƙin, ga ƙamshi, madam ma ba za ta gane ba.

Anti Nas:
Sadik, Allah ya shirye ka. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi don ka iya zuƙa da yawa, ba ya tace komai na kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun tuni cewa zama ɗaya na kusan awa guda mutum zai iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100 ko fiye. Ga gawayin da ke kai yana ƙara tasa gubar, ga bakin tiyo ɗaya yana zagaya mutum biyar, a garin da muke fama da tarin fuka.

Malam Famasi:
Shisha babu ma abin tattaunawa. Vape shi ne ake da saɓani a kai. A Ingila hukumomin lafiya suna amfani da shi wajen janye mashaya daga sigari, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi cikin abin da take ba da shawara ba. Ni abin da nake gani a nan shi ne yaro ya saya don ya bar sigari, bayan wata biyu ka gan shi da duka biyun, vape a cikin shago, sigari a waje.

Alhaji Na Singa:
Ni dai ra'ayina a bi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa. Daga goma ka koma bakwai, ka koma biyar, har ka kai ɗaya. Yanke wa jiki abu lokaci guda zalunci ne. Ni yanzu biyu nake sha a rana, bayan abincin rana da na dare, kuma lafiyata ƙalau.

Baban Khalifa:
Alhaji, da girmanka, tun yaushe kake kan biyun?

Alhaji Na Singa:
An daɗe.

Baban Khalifa:
To ka ga ba ragewa kake ba, ka samu masauki ne. Ni ragewa ta fi komai wahalar da ni. Wuni nake ina kallon agogo ina jiran lokacin ta gaba, in na kunna kuwa har filta nake zuƙe ta. Wanda zai rage ya rage, amma ya sa ranar da zai kai sifili, kuma kada ta yi nisa.

Anti Nas:
Alhaji ka yi haƙuri zan ɗan sa baki. Biyu ta fi ashirin sauƙi ga huhu, wannan gaskiya ne, amma zuciya ba ta yin lissafi haka. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan 20. Idan akwai hawan jini ko suga a tare, lamarin ya ƙara nauyi. Ka riga ka yi mafi yawan tafiyar, ka ƙarasa mana.

Alhaji Na Singa:
Hajiya kin ɗaure ni. Za mu duba.

Ɗan Kwari:
Akwai wani abu da ke ci min rai ban faɗa ba. Rantsuwar da na yi ta yi ina karyawa. Wani lokaci sai na ga kamar ita ce take bi na, shi ya sa abin ya ƙi.

Malam Na Gwale:
Ɗan'uwa, rantsuwa ba ta bin mutum, kaffara take da ita, kuma tana nan a Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda ba shi da hali ya yi azumin kwana 3. Ka samu malamin unguwarku ka zayyana masa yadda ka yi rantsuwoyin, ya faɗa maka abin da ke kanka, ka sauke. Daga nan kuma ka daina rantsewa. Kana ɗora wa kanka kaya biyu ne, ga taba ga nauyin zunubi, in ka faɗi sai shaiɗan ya ce maka ai ka riga ka lalace, ƙarasa kwalin. Ka yi addu'a, ka nemi magani, neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Kuma ina tuna maka kana wuni awa 13 zuwa 14 cikin zafin Kano a watan azumi ba ka sha ba. Jikin da ya iya wannan ba za a ce ba ya iyawa ba.

Direban Sahu:
Malam ai matsalar azumi ita ce magariba. Wallahi akwai wanda dabino ɗaya yake ci ya zagaya bayan masallaci. Abin da aka rasa da rana ana rama shi kafin sahur.

Baban Khalifa:
Shi ya sa wanda zai bari da azumi, daren ne aikinsa ba ranar ba. Daga buɗa baki ya san inda zai kai kansa har a tashi daga asham.

Maman Ilham:
Ku ba ni dama na yi magana ta ɓangaren matan gida. Maigidana ya bari, kuma abin da ya sa shi ɗiyarmu ce mai asma. Ba ya sha a ɗaki, a soro yake sha, yana ganin ya kare mu. Likita ya ce masa warin da ke jikin rigarsa da kujerar motarsa ma bai bar yarinyar ba. Ranar da zai fara, na kwashe kayansa kaf na wanke, har hulunan na kai wa mai wankin hula, ya kai mota aka wanke ciki. A aljihun wata tsohuwar babbar riga na tsinci kara biyu da suka karye da laita, shi kansa ya manta da su. Da ya same su a daren kwana na biyu ai da an gama.

Makon farko kuwa sai haƙuri. Abinci ya yi gishiri, yara sun cika ihu, fanka tana ƙara, komai laifi ne. Da ban san dalili ba da mun yi faɗa, in mun yi faɗa kuma ya samu hujjar fita. Don haka Alhaji ka zaunar da ita ka gaya mata ranar da ka tsayar da abin da za ta gani a wurinka. "Allah ya sa" ɗin da take cewa ba raini ba ne, gajiya ce da sa rai. Mu kuma mata mu daina shinshina rigar miji a bakin ƙofa kamar 'yan sanda, ɓoyewa kawai yake koya musu.

Sadik Farm Centre:
Akwai wani mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika, ya ce nasa in ka sha ko warin taba ka ji sai ka yi amai.

Anti Nas:
Ka tambaye shi abin da ya zuba a ciki tukuna. Ƙoda ba ta da arha.

Direban Sahu:
To ni me zan riƙa sa wa a baki? Goro na gwada, na wuni ina ci, da daddare idona biyu har asuba, ƙirjina yana dukan uku-uku. Na ce in haka barin taba yake gara na koma.

Malam Famasi:
Ba barin tabar ba ne kaɗai ya yi maka haka, goron ne da shayi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da sinadarin kafin (caffeine), mai hana barcin nan da ke cikin shayi da kofi, da sauri. Da ka bari sai ta koma yadda take, kofin shayin da ka saba sha ya zama kamar biyu a jikinka. Kai kuma ka ƙara da goro, wanda shi ma kafin ne a ciki. Wanda ya bar taba ya rage shayi mai kauri da kofi da goro da lemon ƙara kuzari kamar da rabi, musamman daga la'asar. Haka abin yake da wasu magungunan asibiti, irin na taɓin hankali da wani tsohon maganin asma, don haka mai shan magani kullum ya sanar da likitansa ya bar taba, wataƙila a rage masa.

Baban Khalifa:
Aswaki. Ni shi ya riƙe ni. Tsawonsa ɗaya da kara, yana zama tsakanin yatsu, kana iya kai shi baki ko a gaban surukinka. Na yanka gajeru na zuba a aljihun da kwali yake zama. Sai kanumfari ɗaya a baki in abin ya taso, da ruwa mai sanyi a kurɓa a hankali. Tom Tom da alewa ka yi hankali da su, abinci zai riƙa yi maka daɗi dama, mutane da yawa suna ƙara kilo 4 zuwa 5.

Na kasuwa kuma, idan kwastoma ya ɓata maka rai kada ka tsaya a bakin shago, nan ne ƙafa take sanin hanyar mai tebur. Bar wa yaronka shagon, ka je ka yi alwala, ka zaga layi ɗaya ka dawo. Kafin ka dawo sha'awar ta sake ka.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi kayar da ni a baya. Bayan wata guda ko biyu za ka ji ka warke, sai zuciya ta ce gwada ɗaya ka gani ai yanzu kai ke iko da ita. Babu wannan ɗayar. In kuma tsautsayi ya sa ka sha, kada ka ce bari na ƙarasa yau gobe na sake sabon lale. A wurin za ka tsaya, ka kira wani ka faɗa masa.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsayar da Juma'a ta sama, saboda ba na daɗewa a kasuwa ranar, kwana biyun farko kuma zan fi zama a gida. Kafin nan zan nemi filastar da cingam. Tambaya ta ƙarshe ga Anti Nas: ina da tari da ya ɗan jima, da safe har da majina. In bari sai na daina na ga ko zai tafi?

Anti Nas:
A'a, kada ka jira. Duk tarin da ya kai mako 2 a je a gwada majina, ko mutum yana shan taba ko ba ya sha. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, akwai a Asibitin Murtala, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a asibitin Zana da ma ƙananan asibitoci na unguwanni. Idan akwai jini a majinar, ko rama, ko zufan dare, gobe ma ka je. Kana wurin ka ce a auna maka jini, ka kuma faɗa wa likitan ranar da ka tsayar, shi zai duba ko filastar ta dace da kai. In an gwada babu komai, kada ka tsorata idan tarin ya ɗan ƙaru a makonnin farko bayan ka bari, huhu ne ke fitar da abin da ya tara.

Direban Sahu:
Alhaji in ba damuwa mu haɗa ranar. Zan turo maka lambata ta akwatin sirri, duk wanda abin ya taso masa ya kira ɗaya.

Ɗan Kwari:
Turo, na gode.

Baban Khalifa:
Ku biyun, duk wanda mai tebur ke bi bashi ya je ya biya kafin ranar Alhamis. Kada ranar Asabar wani ya ce zai je kai kuɗi.